Zazzaɓi ya tafi, ƙarfi bai dawo ba



Kowace ƙungiyar asusu a garin nan na Agadas tana da dokokinta a shafin farko na littafi, kuma in aka duba kusan duk iri ɗaya ne. Wadda ta makara, tara. Wadda ta yi fashin zubi ba hanzari, tara. Wadda ta ɗauki bashi ta biya da ribarsa in wa'adi ya cika. Sai ƙaramin asusun taimako da muke jefa wa dala 5 ko dala 10 kowane mako, domin haihuwa, rasuwa, gobara ko kwanciya a likita. Tun da aka fara tsarin Mata Masu Dubara a jahar Maraɗi a 1991, da tallafin ƙungiyar CARE, haka dokokin nan suke bin gari gari, kuma sun riƙe mu, Alhamdulillahi. Sai dai duk an yi su ne domin ciwo mai farko da ƙarshe. Mace ta kwanta, a je a gaishe ta, a kai mata ɗan abin da ya samu, ta miƙe ko kuma Allah ya karɓi abinsa. Ba mu da doka ko ɗaya domin macen da zazzaɓi ya saka amma ƙarfinta ya ƙi dawowa, wata 6, shekara, har shekara 3.

Kuma muna da su. A ƙungiyarmu mu 28 ne, biyu daga cikinmu suna cikin wannan hali, kuma da muka tambayi shugabannin ƙungiyoyin da ke kusa da mu, kusan kowace ta ce ai ita ma tana da ɗaya.

Ta farko mai fura ce. Duk wanda ya san ta da can ya san mace ce mai ƙarfi kamar me, kafin a kira assalatu ta gama daka, hantsi na yi ƙwaryarta na bakin kasuwa. A sanyin ƙarshen 2021, lokacin da wata muguwar mura ta bi gidaje ɗaya bayan ɗaya, ta kwanta kwana 10 da zazzaɓi da tari, hancinta ya daina jin ƙamshi. Ta warke kamar kowa. To amma tun daga nan in ta ɗaga taɓarya sau kaɗan sai numfashi ya tsaya mata a wuya, zuciya ta yi ta bugu kamar an biyo ta. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne kai. Matar da ke riƙe da bashin mutum 20 a ka ba takarda, yau sai ta ba da canji sau biyu. Ta biyun kuma mai aikin fata ce, tana ɗinka jakunkuna da matasan kai. Ita ta ce tun ranar da aka yi mata allurar korona a 2021 kafaɗarta ta hagu ta riƙe, ba ta iya ɗaga hannu ta ɗaura kallabi, balle ta ja zare cikin fata. In ta juya kanta cikin barci, sai ta farka.

Bakin mutane kuwa bai bar su ba. Wasu suka ce korona ce, wasu suka ce allura ce, wasu suka ce sammu ne na kishiya. Wasu kuma, a hankali, bayan an tashi taro, suka ce lalaci ne da gudun biyan bashi: “Ke, mai ciwo ce ke zuwa biki da lalle?” Wannan ta ƙarshe ita ta fi ciwo, kuma ita ta sa muka ce bari mu bi abin a tsanake, mu tambayi ma'aikatan lafiya, mu karanta abin da muka iya karantawa. Karatun yaƙi da jahilci da muka yi ai ba don sa hannu kaɗai ba ne.

Abin da korona ta bari a baya

Ranar 19 ga Maris 2020 aka sanar da mutum na farko da ya kamu da korona a Nijar, a Yamai. Kowa ya tuna abin da ya biyo baya, aka rufe iyakoki da lakwal da masallatai, aka killace babban birni, kasuwa ta mutu. A lissafin hukuma, duk ƙasar nan waɗanda suka kamu ba su kai dubu 10 ba, waɗanda suka rasu sun ɗan haura 300. Shi ya sa da yawa suke cewa ciwon bai zo nan ba. Amma ku tuna, lissafin na waɗanda aka yi wa gwaji ne. Babban ɗakin gwajin ƙasa, CERMES, yana Yamai, tafiyar sama da kilomita 900 daga nan. A cikinmu wa aka taɓa sa wa tsinken auduga a hanci? Wadda za ta yi tafiya waje, ko wadda aka kwantar rai a hannun Allah. Sauranmu mura muka kira shi, muka sha citta da lemun tsami, muka yi surace. Don haka macen da ciwon ya bar wa rauni ba ta da wata takarda da za ta nuna.

A watan Oktoba 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda muka fi sani da OMS, ta fitar da bayani a kan ciwon da ke biyo bayan korona. A taƙaice, alamomi ne da ke nan wata 3 bayan kamuwa, su ɗauki aƙalla wata 2, kuma a duba a ga ba wani ciwon ne ya kawo su ba. Manyan alamomin uku ne: gajiya mai tsanani, ƙarancin numfashi, da rikicewar tunani, wato mantuwa da kasa tara hankali wuri ɗaya. Akwai kuma bugun zuciya, jiri in an miƙe tsaye, ciwon gaɓoɓi, rashin barci, rikicewar al'ada. OMS ta ƙiyasta cewa kusan mutum 6 cikin 100 da suka yi korona suna faɗawa cikin wannan hali, mata sun fi maza, kuma ba sai wanda ciwon ya kwantar a likita ba. A watan Mayu 2023 aka ce korona ta daina zama annobar gaggawa a duniya. Rediyo ya yi shiru da maganarta, amma mai furarmu tana nan tana haki.

Gajiyar nan ba irin wadda muka sani ba ce, wadda barci ke wankewa. Za mu faɗe ta da harshen asusu, don shi muka fi ji. Mai lafiya kullum safiya tana tashi da jari cikakke, ta kashe, dare ya mayar mata. Mai wannan ciwo da rubu'in jari take tashi. In ta ga yau jikin ya yi dama-dama ta ce bari ta rama, ta yi wanki ta yi daka ta leƙa gidan suna, to ta ci bashin ƙarfin gobe da na jibi, kuma da riba za ta biya. Sau da yawa ba a ranar abin ke kama ta ba, sai kwana ɗaya ko biyu bayan haka ta kasa ɗaga kai daga matashi. Wannan shi ne amsar masu cewa sun gan ta a biki. Sun gan ta ranar Asabar, ba su je sun gan ta ranar Litinin ba. Shi ya sa ma'aikatan lafiya ke ba irin waɗannan shawarar su rarraba aiki, su huta kafin su gaji, su zauna su yi abin da za a iya yi a zaune. Maganar nan tamu ta “daure ki motsa jiki, zama ne ke kashe ki” ga wasu ciwukan gaskiya ce, ga wannan kuwa tana iya mayar da mutum baya.

Kuma abin ba sabo ba ne, sunansa ne sabo. Iyayenmu sun san yaron da ƙyanda ta saka amma bai koma daidai ba, yau zawo, gobe tari, jibi ido. A 2019 masu bincike suka nuna dalili: ƙwayar ƙyanda tana goge wani ɓangare na garkuwar da jiki ya tara a kan wasu cututtuka, sai yaro ya koma kamar bai taɓa haɗuwa da su ba. Wanda shan inna ya taɓa yana yaro, bayan shekara 15 zuwa 40 yana iya jin sabon rauni a ƙafar da ya saba dogara da ita. Makiyayan jahar Tawa ba su manta da 2016 ba, lokacin da zazzaɓin da ake kira na Rift ya tashi a wajen Cintabaraden ya kashe dabbobi da mutane sama da 30. Ciwo ne da kan bar wasu kaɗan da raunin gani har ƙarshen rayuwa. Ciwon hanta nau'in B kuwa yakan zauna a jiki shekaru shiru, sai daga baya ya taso.

Amma fa kada kowace gajiya ta zama korona. Wannan mun ji shi daga bakin kowane ma'aikacin lafiya da muka tambaya. Mace mai haki da kasala, abu na farko a duba jininta, don ƙarancin jini ya yi mana yawa. A duba zazzaɓin cizon sauro, a auna hawan jini da suga. In tari ya wuce mako 2, da rama da zufan dare, a kai majina a gwada tarin fuka, maganinsa kyauta ne kuma ana warkewa. In kuwa mai jego ce, ƙafafu sun kumbura, ba ta iya kwanciya sai ta jingina, a hanzarta, don ciwon zuciya na bayan haihuwa sananne ne a ƙasar Hausa, likitocin Zariya da na Yamai sun daɗe da rubutu a kansa. Duk waɗannan suna da magani. Asara ce babba a zauna ana cewa ragowar korona ce alhali ƙwayar ƙarin jini ta dala kaɗan za ta ta da mutum.

To, allura fa?

Nan ne magana ke zafi, kuma nan ne muke so mu daɗe.

An buɗe rigakafin korona a Nijar ranar 29 ga Maris 2021 da allurar Sinopharm da ƙasar Sin ta bayar, kuma firaministan lokacin, Brigi Rafini, ɗan jaharmu, shi ya jagoranci buɗewar. A watan Afrilu AstraZeneca ta iso ta hanyar shirin COVAX, daga baya Johnson & Johnson mai yi sau ɗaya, wadda ta fi dacewa da mutanen daji da masu tafiya Jado ko Cibarakaten neman zinariya. Mu shugabannin ƙungiyoyi da mu aka yi wayar da kai. Mun tsaya gaban mata mun ce su je, mu ma mun miƙa hannu. Saboda haka in wata ta dawo ta ce “Yaya, ke kika ce mu je, ga abin da ya same ni,” haƙƙinta ne mu saurare ta har ƙarshe.

Abin da ya fi yawa bayan kowace allurar rigakafi kowa ya san shi: wurin ya yi tsami, jiki ya yi zafi, kasala, ciwon kai, kwana 1 zuwa 3 ya wuce. Jiki ne ke koyon faɗa. Jaririn da aka yi wa lamba a dantse, wurin yakan yi ɗan ƙurji ya fashe ya bar tabo, duk muna da shi a hannunmu. Wannan ba abin tsoro ba ne.

Akwai kuma wanda ba ya faruwa sai jefi-jefi, amma gaskiya ne, kuma ba ƴan unguwa suka ƙirƙiro shi ba. Akwai mutumin da jikinsa ke ƙin allura nan take, fuska ta kumbura, numfashi ya toshe. Shi ya sa ake cewa a zauna minti 15 zuwa 30 kafin a tafi, ba don ɓata mana lokaci ba, don maganinsa yana nan a hannun majo. A 2021 an gano cewa AstraZeneca da Johnson & Johnson kan haddasa daskarewar jini ga mutane ƙalilan ƙwarai, yawanci tsakanin kwana 4 da wata 1 bayan allura, da ciwon kai mai tsanani da ba ya jin magani, ko ciwon ciki, ko kumburin ƙafa. Ƙasar Danmak ta daina amfani da AstraZeneca gaba ɗaya a watan Afrilu na shekarar, wasu ƙasashen Turai suka keɓe ta ga manya. An kuma lura da wani ciwon jijiya da ke farawa da mutuwar ƙafafu yana hawa sama, cikin mako 6 bayan Johnson & Johnson, shi ma ga mutane kaɗan. Ku lura da abu ɗaya, kowanne yana da lokacinsa. Ciwon da ya fara shekara guda bayan allura, da wuya a ce ita ce.

Wani lokaci kuma ba ruwan cikin allurar ba ne, hannun da ya yi ta ne. In wurin bai da tsabta yakan yi ƙurji mai mugunya. In aka soka ta can sama kusa da gaɓar kafaɗa maimakon cikin tsoka, kafaɗar tana iya riƙewa wata da watanni. Ga mai aikin fatarmu, wannan shi ne abin da wani lokotoro ya fi zato bayan ya duba ta, ya tura ta wajen masu gashin ƙashi suna koya mata motsa hannun a hankali. Yanzu tana ɗaura kallabinta. Amma kafin ta kai gare shi sai da ta sha wuya. Wurin farko da ta kai kukanta, ko kallon kafaɗar ba a yi ba, aka ce mata allura ba ta yin haka, ta je ta sha farasitamol. Ta fito da hawaye, kuma kafin magariba rabin unguwa sun ji. A wannan watan mata uku da muka sani suka ƙi kai jariransu awo. Wannan amsa ta minti ɗaya ta rushe aikin da muka yi wata da watanni muna yi.

Sannan kada mu manta da allurar kinin da masu allurar unguwa ke yi wa yara a ɗuwawu. In ta taɓa babbar jijiya, ƙafa ta saki, yaro ya tashi yana jan ta. Sau nawa aka ɗora wa shan inna ko rigakafi laifin wannan?

Sai na ƙarshe, wanda ya fi wuyar karɓa: abu biyu su faru kusa da juna alhali babu abin da ya haɗa su. In aka yi wa mata dubu allura a mako ɗaya, dole a cikinsu akwai wadda dama za ta yi ɓari a watan, akwai wadda hawan jini zai kayar, ko an yi allurar ko ba a yi ba. Ita da abin ya sama ba za ta ga haka ba, kuma ba mu ga laifinta ba. Hanyar da kawai ake rarrabewa ita ce a rubuta, a tara, a gwada da waɗanda ba a yi wa ba.

Kuma akwai inda ake rubutawa, mu ne ba a faɗa mana ba. Ma'aikatan lafiya suna da takarda ta musamman da suke kira MAPI, ta duk wani abin da ya sami mutum bayan rigakafi. Ana cika ta a CSI, ta hau zuwa gunduma, ta wuce sama. Ba alfarma ba ce, aikinsu ne. Ki je da karnen rigakafinki ko na yaro, don a ciki ne aka rubuta ranar da lambar kwalbar. Shirin COVAX ma a 2021 ya buɗe asusun biyan diyya ga wanda allurarsa ta yi wa mummunan lahani na dindindin, a ƙasashe 92 masu ƙaramin ƙarfi, har da Nijar. Mun tambayi mata a taro uku, ba mu sami ko ɗaya da ta taɓa jin labarinsa ba.

Masu zargi kuma ba daga sama zarginsu ya faɗo ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a kan yara, cikin yara 200 da aka sa a gwajin 11 suka rasu, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Magani ne, ba rigakafi ba, amma a kunnen talaka duk allura ce. A 2003 Kano ta dakatar da ɗigon shan inna kusan shekara guda, ciwon ya sake bazuwa zuwa ƙasashe da dama, yaran da ba su san hawa ba su san sauka ba suka shanye. Sai 25 ga Agusta 2020 aka iya cewa Afirka ta rabu da shan inna na asali. Mu da muke da ƴan uwa a Kano da Katsina, mota na zuwa tana dawowa, duk abin da aka faɗa can yana iso mu. Mu dai matsayinmu bai canza ba: muna kai ƴaƴanmu, muna cewa a kai. Wadda ta taɓa ganin ƙyanda ta shiga gida ta ɗauki yara biyu a mako ɗaya ba sai an yi mata wa'azi ba. Bincike ma ya nuna waɗanda aka yi wa allurar korona ba su cika faɗawa cikin doguwar jinyar nan kamar waɗanda ba a yi wa ba. Amma ba za mu ce wa mace “ƙarya kike” don mu kare allura ba. Ranar da ta gane an ɓoye mata ƙaramin abu, ba za ta ƙara yarda da babban ba.

Abin da muka canza a littafi

Doguwar jinya kuɗi take ci ta baki biyu, sana'a ta tsaya, magani kuma ya buɗe baki. Mai furarmu tana da bashin jika 30 da ta ɗauka don sayen hatsi, riba tana hawa kowane wata, ga tarar fashi. Maigidanta yana wajen zinariya, aike sai an ga dama. Ta sayar da akuyarta biyu. Kuɗin kuwa ina suka tafi? Ƙarin ruwa sau uku da ita ta roƙa a yi mata, rubutu, turaren iskoki, da ƙwayoyin masu yawo da magani a faranti. Nan za mu ja kunne da babbar murya. Har yanzu babu ƙwaya ɗaya da aka tabbatar tana warkar da wannan ciwo, ana dai magance alamominsa ɗaya bayan ɗaya, kuma da yawa suna samun sauƙi sannu a hankali. Duk wanda ya ce yana da maganinsa a leda, kuɗinki yake so. Tramol kuwa zai ba ki ƙarfin aro na yini ɗaya, ya bar ki da wani ciwon da ya fi na farko. Addu'a muna yi, ba mu fasa ba, ita ba ta cin akuya.

Da muka kawo maganar gaban taro, ba a tashi da daɗi ba. Ma'ajiyarmu, dattijuwa ce mai tsoron Allah kuma ba ta wasa da kuɗin mutane, ta ce: “Ƴaƴana, ku ji ni da kyau. Akwatin nan ba na gwamnati ba ne, guminmu ne. Yau in kuka buɗe ƙofar ciwon da ba a gani, gobe kowa ta ji bashi ya yi nauyi sai ta ce ta gaji.” Wallahi tana da gaskiya, mun ga ƙungiyoyin da sassauci ya watsa. Wata ƙaramarmu ta amsa mata: “Inna, to in ni ce gobe fa? Shekara 9 ina zubi ban yi fashi ba, sai ranar da na faɗi za ku ci ni tara?” Aka yi shiru. Ciwon ƴa mace na ƴa mace ne, amma akwati ma na ƴa mace ne.

Sai da muka yi zama uku kafin muka tsaya a kan wani abu. Wadda ciwo ya wuce mata wata 3, mata biyu da taro ya zaɓa za su raka ta likita, ɗaya a cikinsu mai iya rubutu. Ba don su yi mata leƙen asiri ba, don mun lura in mace ta shiga ita kaɗai ta ce “jikina ne ba daɗi,” da farasitamol take fitowa. In kuwa aka buɗe littafi aka karanta ranar da zazzaɓi ya fara, ranar da aka yi allura, wace iri, yaushe haki ya soma, me ke tayar da shi, me ta riga ta sha, sai ka ga majo ya gyara zama. Bayan an dawo, a tsayar da ribar bashinta wata 3, uwar kuɗin tana nan ba a yafe ba. Tana iya aiko ɗiyarta da zubi ba tara, tana iya rage zubinta zuwa rabi. Daga asusun taimako kuma, maimakon a ba ta dunƙule ɗaya kamar na mai haihuwa, ana ba ta kaɗan kaɗan, kuɗin kabu-kabu da na gwaji, a kan takardar likita. Domin asusun ya iya ɗauka, muka ƙara dala 5 a kan zubin taimako. Mata biyu ba su yarda ba, ɗaya ta ce in an yi rabo za ta fita. Ba mu riƙe ta ba.

Abin da ya fi kuɗin amfani, a ganinmu, shi ne canjin sana'a. Mai fura ba ta iya daka, amma hannunta na dama fura bai mutu ba, kuma masu sayenta suna nan. Yanzu wata ƴar ƙungiya ce ke kai hatsin inji ta kuma ɗauki ƙwarya zuwa kasuwa, ita tana gida a zaune tana haɗi da mulmula, su raba riba. Lissafin bashi kuwa ta koma rubutawa, da taimakon ɗanta ɗan lakwal. Ba ta samun abin da take samu da, amma ta biya jika 18 cikin 30. Akwai makon da take zuwa taro da ƙafarta, akwai wanda ba ta iyawa, mu kuma mun hana kowa tambayarta “har yanzu ba ki warke ba?”

Saura magana ɗaya da ta gagare mu, kuma ita muke so shugabannin sauran ƙungiyoyi su zo da ra'ayinsu a kai a zamanmu na gaba. Rabo yana tafe kafin azumi. Doka ta ce ranar fasa akwati duk mai bashi a cire daga rabonta. In muka cire jika 12 daga nata, abin da zai rage ba zai sayi buhun hatsin da za ta ci gaba da furar ba. In muka ɗaga mata zuwa zagaye na gaba, rabon kowace mace a cikin sauran 27 zai ragu da kusan dala 90, ga azumi ga kayan salla. Ma'ajiya ta ce a cire rabi a ɗaga rabi. Wasu sun ce a zagaya da faranti a gefe, kada a taɓa doka. Kowace ƙungiya ta tattauna da matanta, ta zo da abin da suka ce a rubuce, tare da adadin masu doguwar jinya da ke cikinta, ba tare da sunayensu ba.